Gidan Rumji, Agye da Gazawa: wa ke da ta cewa kan filaye, sauro da kuɗin gari?

Gidan Rumji, Agye da Gazawa uku ne daga cikin gundumomi 8 na jihar Maraɗi. Babbar hanyar kwalta ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ita ta haɗa su: tana shiga Gidan Rumji daga yamma, ta bi ta Tsibiri, ta gefen birnin Maraɗi, sannan ta wuce Cadawa, Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Gidan Rumji tana da mutum sama da 520,000, Agye kusan 246,000, Gazawa kuwa kimanin 160,000. Gidan Rumji tana da kwamin 5, wato Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Agye tana da 2, Agye da Cadawa. Gazawa ma 2, Gazawa da Gangara. Har zuwa 2011 Gazawa tana ƙarƙashin Agye ne. Dokar watan Agustan wannan shekara, wadda ta kai yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63, ita ta ba ta gashin kanta.

Mutumin da ke neman fili ya gina gida, da wanda ruwa ya kwanta a ƙofar gidansa har sauro ya hana shi barci, da wanda ke son sanin inda lanhonsa ya tafi, dukkansu sukan ɗauka cewa maganar tana hannun perefe. Ba haka dokar ta tsara ba. Gunduma a Nijar ba ta da majalisa, ba ta karɓar haraji da sunanta, ba ta kuma da kasafin kuɗin da take zartarwa. Hukuncin da ya shafi fili da tsabta da kuɗin gari na kwamin ne, a takarda dai. Kuɗin da ake aikin da su kuwa, mafi yawansu daga Yamai da ƙungiyoyin waje suke zuwa. Tsakanin wannan iko da wannan ƙarancin kuɗi ne al'amuran ukun suka sarƙe da juna.

Yadda aka raba iko

A da, Gidan Rumji da Agye arondisma ne, sufurefe ke mulkinsu, kuma kowace arondisma tana da kasafinta da harajinta. Shirin sakar wa ƙananan hukumomi mara ya ɗauki lokaci. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ya watse cikin rikici, bayan wata biyu aka yi juyin mulki. Dokokin Yunin 2002 suka kafa kwamin a faɗin ƙasa, aka yi zaɓen farko ranar 24 ga Yulin 2004. An so a ba jiha da gunduma da kwamin kowace majalisarta, amma kwamin kaɗai aka girka a lokacin. Da aka zo rubuta kundin dokokin ƙananan hukumomi, wanda aka sa wa hannu ranar 17 ga Satumban 2010 kuma ma'aikata ke kira CGCT, sai aka tsaya kan matakai biyu, jiha da kwamin. Gunduma ta zama yankin gudanarwa kawai.

Perefe wakilin gwamnatin tsakiya ne, naɗa shi ake yi. Yana kula da tsaro da zaman lafiya, yana haɗa kan shugabannin ma'aikatun gunduma irin su lafiya, noma, kiwo, gandun daji da ilimi, yana kuma duba ko shawarwarin majalisun kwamin sun dace da doka. Wannan aiki na ƙarshe ba ƙarami ba ne, domin kasafin kwamin ba ya fara aiki sai ya bi ta teburinsa. Amma dubawa daban, rubutawa daban. Kuɗin da ma'aikatun gunduma ke aiki da su na ministocinsu ne, daga kasafin ƙasa ake ware musu.

Kafin Afrilun 2024, majalisar kwamin takan ƙunshi zaɓaɓɓun konseye daga 11 zuwa 25, gwargwadon yawan jama'a, su ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. Sarakuna da ƴan majalisar dokokin yankin suna da kujera a zauren, suna ba da shawara amma ba su kaɗa ƙuri'a. Kada wannan ya ruɗi mai karatu. A kwamin kamar Tsibiri, inda fadar Sarkin Gobir take, da wuya a yanka fili ko a tara lanho ba tare da fada ta sa hannu ba, kuma haka abin yake ga sarakunan kanto da masu gari a ko'ina cikin yankin.

A Janairun 2016 gwamnati ta fitar da dokoki biyu da suka miƙa wa kwamin da jihohi wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwan sha da muhalli. Ayyukan sun sauko da sauri fiye da kuɗinsu, abin da magadan gari suka daɗe suna kuka a kai.

Filaye da ƙa'idojin gini

Doka iri biyu ce ke aiki a kan ƙasa a nan, kuma iyakarsu tana motsawa duk shekara. Gona da makiyaya da burtali suna ƙarƙashin dokar karkara ta 2 ga Maris 1993. A ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin filaye hawa uku: na gari, wanda mai gari ke shugabanta, na kwamin, ƙarƙashin magajin gari, da na gunduma, ƙarƙashin perefe. A nan ne gunduma take da hannu sosai. Waɗannan kwamitoci ke ba da takardar shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina, su ne kuma ke shata burtali da dashen duwatsun iyaka. Filin cikin gari kuwa yana ƙarƙashin dokar tsarin birane ta 12 ga Afrilun 2017 da dokar gini da muhalli ta 27 ga Afrilun 2018.

Abin da ke mayar da gona ta zama filin gida shi ne lotisma. Majalisar kwamin ce ke yanke shawarar yin sa, masu awo su zana taswira da tituna da wuraren da za a keɓe wa lakwal, likita, kasuwa da masallaci, kwamitocin tsarin birane su duba, minista ya amince. Masu gonakin da aka shiga ana biyan su, sau da yawa da wani kaso na filayen da aka yanka. Wanda ya sayi fili yakan karɓi takardar sayarwa daga ma'aikatar magajin gari. Ita wannan takarda ba ita ce cikakkiyar mallaka ba. Cikakkiyar ita ce takardar da ofishin filaye na ma'aikatar kuɗi ke bayarwa, wadda aka sauƙaƙa samunta tun 2006 aka raɗa mata suna Sheda. Kafin a ɗora tubali kuma, doka ta ce a nemi izinin gini daga magajin gari. A cikin manyan garuruwan kwamin akan samu masu nema, musamman masu ginin siminti a bakin kwalta. A ƙauye mutum yakan gaya wa mai gari ne, ya kira magina, shi ke nan.

Matsin da ke bayan wannan duka na yawan jama'a ne. Gundumar Gidan Rumji tana da mutum kusan 348,000 a ƙidayar 2001, zuwa 2012 ta haura 520,000. Da irin wannan gudu, jama'a kan ninka cikin shekara 20. Kudancin Maraɗi na cikin wuraren da suka fi cunkoso a karkarar Nijar, gonakin gado sun tsattsage har wasu magidanta ba su da abin da zai ciyar da su rabin shekara. Ga wanda gonarsa ke bakin gari, lotisma na iya zama arziki na dare ɗaya, yana kuma iya zama ranar da ya rabu da abin da kakansa ya bar masa. Tun daga 2019 wani nauyi ya ƙaru: dubban mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina sun tsallako iyaka suna gudun ƴan bindiga, da yawansu suka sauka a ƙauyukan gundumar Gidan Rumji. Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnati ba su kafa sansani irin na gargajiya ba, sun kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa garuruwa uku, Ɗan Daji Makau, Garin Kaka da Cadakori, inda aka yanka musu filaye kusa da ƴan gari. Nan ma sai da aka zauna da masu gonaki da sarakuna da magadan gari.

Matsalar lotisma ita ce ya zama saniyar tatsa. Kuɗin sayar da filaye an tanade su ne don a shimfiɗa titi, a jawo ruwa da lantarki, a haƙa magudana a sabuwar unguwar. Amma kwamin da lanhonta bai shigo ba, ga albashin ma'aikata na wata da watanni a kanta, ba ta da wata kadara da za ta sayar nan take sai ƙasa. Ba ƙananan hukumomi ne suka fara ba: a farkon shekarun 2000 gwamnatin tsakiya da kanta ta biya bashin albashin ma'aikatanta da filaye. Sakamakon a bayyane yake a gefen garuruwa da yawa na Nijar. Ana yanka filaye fiye da buƙatar masu gini, ƴan kasuwa su saye su ajiye, unguwa ta tashi babu magudana, wani lokaci ma a dawo a yayyanka wurin da aka keɓe wa lakwal. Majalisar ministoci ta sha tsige magadan gari a sassan ƙasar saboda almundahana, kuma maganar filaye na yawan fitowa a rahotannin masu bincike.

Inda aka yanka filin ya fi yawansa muhimmanci. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, yana bi ta Madarunfa, Maraɗi, Tsibiri da Gidan Rumji kafin ya koma Najeriya. Gulbin Kaba, mai yawan goruba, ya ratsa ƙasar Gazawa da Agye. Fadamun nan su ne ƙasa mafi albarka a yankin, su ne kuma inda ruwa ke komawa idan ya yi yawa. Tsofaffi ba su manta da ambaliyar 1945 ba, wadda ta cinye tsohon birnin Maraɗi da ke cikin kwari, har Turawan mulki suka mayar da garin kan tudu suka shata masa miƙaƙƙun tituna. Daminar 2024 ta tuna wa matasa abin da ba su gani ba. A faɗin Nijar mutum kusan 400 suka rasu, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, aka kuma ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda ajujuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka rushe. Da yawa daga cikin mamatan ba ruwa ne ya tafi da su ba, ginin ƙasa ne ya jiƙa ya faɗo musu. Dokokin gini sun hana zama a hanyar ruwa. Sai dai filin kwari shi ne mai araha, kuma magajin garin da zai hana talaka gini a can dole ya nuna masa wani wurin.

Sauro

Daga gini zuwa sauro taki ɗaya ne. Gidan ƙasa da tubalin laka ake yin sa, lakar kuma a gefen gari ake haƙo ta. Kowace sabuwar unguwa tana zuwa da kududdufinta. Da rani rami ne da yara ke wasa a ciki, da damina tafki ne.

Sauro ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambancewa yana sa a kashe kuɗi a inda bai dace ba. Wanda ke tashi daga masai da kwata da ruwan wanke-wanke, mai kuka a kunne, shi ne wanda masana ke kira Kyuleks. Yana hana barci amma ba ya ɗauke da masassarar cizon sauro. Mai ɗauke da ita shi ne Anofilis, kuma dangin da suka fi yawa a Sahel sun fi son ruwan sama marar zurfi da rana ke duka: kududdufi, ramin tubali, sawun shanu a bakin tafki, sawun tayar mota a titin da ba a cike ba. Cikin zafin damina, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Ruwan da ya ƙafe kafin mako guda ya kashe abin da ke cikinsa. Wanda ya wuce haka ya yaye sauro. Yasar kwata aikin kirki ne, tana rage wari da kwalara, amma ba ita kaɗai ke rage masassara ba.

Ruwan sama a wannan yanki daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, masassara kuma takan yi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Lokacin ya zo daidai da ƙarewar hatsi a rumbu kafin sabon gero ya nuna, shi ya sa likitocin yankin ke cika da yaran da masassara da tamowa suka haɗu a kansu. Nijar na cikin ƙasashe 11 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware a 2018 a matsayin waɗanda cutar ta fi yi wa nauyi, kuma rahoton hukumar na 2024 ya ɗora mata kusan kashi 6 cikin 100 na mace-macen masassara a duniya, bayan Najeriya da Kwango.

Manyan makaman yaƙin ba a hannun kwamin suke ba. Shirin ƙasa na yaƙi da masassara, PNLP, shi ke tsara su daga Yamai, su sauko ta ma'aikatar lafiya ta jiha zuwa gundumar lafiya, wadda babban likita ke shugabanta, daga nan zuwa CSI da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye. Kuɗin sayen sange da magani da kayan gwaji mafi yawansu na Asusun Duniya ne da sauran masu tallafi. Rabon sange na ƙasa baki ɗaya ya fara ne a 2005 da 2006, aka haɗa shi da rigakafin shan inna, aka raba sama da miliyan 2. A 2006 aka ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, ko da yake jinkirin da gwamnati ke yi wajen mayar wa likitoci kuɗinsu ya sha barin kantocin magani wayam.

Gidan Rumji tana da suna a tarihin wannan yaƙi. A Maris 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ba yara maganin kariya a lokacin damina, abin da ma'aikatan lafiya ke kira CPS. A 2013 aka fara shi a Nijar tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, a wasu sassa na gundumomi biyar: Magarya, Madawa, Buza, Madarunfa da Gidan Rumji, inda aka kai ga yara sama da 200,000. Tsarin shi ne duk yaro daga wata 3 zuwa wata 59 a ba shi magani iri biyu sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Ma'aikaci ke ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyun da suka biyo baya a gida, kuma a waɗannan kwana biyun ne shirin ke cin nasara ko ya faɗi. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa yawancin kudancin ƙasar. Allurar rigakafin masassara kuwa a Gaya ta jihar Doso aka ƙaddamar da ita, a Satumban 2024.

To mene ne ya rage wa kwamin? Ruwan da ke kwance. Tsabtar gari da kwashe shara da magudanan ruwa aikinta ne a ƙarƙashin CGCT, magajin gari kuma yana da ikon kafa doka a kai da cin tarar wanda ya karya. Dokar tsabtar jama'a ta 1993, wadda aka sabunta a 2022, ta hana zubar da ƙazamin ruwa a titi, dokar Nuwamban 2014 kuma ta hana shigo da ledar da ke toshe magudana, ko da yake duk wanda ya je kasuwar Cadawa ya san inda wannan doka ta tsaya. Feshin hayaƙi a tituna, wanda jama'a ke so saboda ana ganinsa, amfaninsa kaɗan ne ga masassara, ga shi sauron Nijar ya fara jure wa magungunan da aka daɗe ana sa wa sange, kamar yadda binciken cibiyar CERMES ta Yamai ya nuna. Zuba maganin kashe tsutsar sauro a ruwa yana aiki, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sharaɗi: wuraren su zama kaɗan, tabbatattu, waɗanda za a iya ganowa. Fadamar gulbi ba ta cika wannan sharaɗi ba. Kududdufan cikin gari sun cika shi, domin kowane mai unguwa zai iya lissafa nasa.

Akwai gwajin da aka yi a ƙasar nan da ya cancanci a san shi. A Banizumbu, wani ƙauye gabas da Yamai, masu bincike sun sa an daka ƴaƴan bedi ana barbaɗa garin a kududdufan gari sau biyu a mako cikin daminar 2007, suka ga sauron Anofilis ya ragu da kusan rabi. Bedi kuwa ba abin nema ba ne a Agye ko Gidan Rumji. A Gambiya ma, wani gwaji da aka buga a 2009 ya nuna cewa sa raga a ƙofa da taga da toshe tsakanin bango da rufi yana rage sauron da ke shiga ɗaki da fiye da rabi. Waɗannan abubuwa ne da suka fi kusa da ikon magajin gari fiye da na minista: a keɓe wurin haƙar laka nesa da gidaje tun a taswirar lotisma, a cike ramukan cikin unguwa da amalanken ƙasa kafin ruwa ya sauka, a buɗe wa ruwa hanya. Akwai ciniki a ciki, domin kududdufin nan shi ne mashayar dabbobi, shi ne kuma inda magina ke samun ruwan kwaɓa. Ba kowane rami jama'a za su yarda a cike ba.

Kasafin kuɗi

Kasafin kwamin kashi biyu ne, na gudanarwa da na ayyukan raya ƙasa. A tsarin CGCT, magajin gari ke shirya shi, majalisa ta zartar kafin sabuwar shekara, perefe ya duba, mai karɓar kuɗin kwamin ya riƙe asusu, kotun bin diddigin kuɗin gwamnati da ke Yamai kuma ta binciki lissafin daga baya. Doka ta ce kuɗin shiga da na fita su daidaita, kuma a ware aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a kai su ɓangaren raya ƙasa. Ayyukan da za a yi ana tsamo su ne daga tsarin raya kwamin na shekaru da yawa, PDC, wanda akan rubuta bayan zagayen ƙauyuka.

Kuɗin shiga na farko shi ne lanho, wanda aka gada daga harajin arondisma. An daɗe ana karɓar sefa 700 a kan kowane baligi da aka rubuta a karkara, dala 140 ke nan a lissafin kasuwa. Na cikin birni ya ɗara haka. Masu gari ke tarawa bayan kaka, su da sarakunan kanto suna da ladan kaso a ciki. A ɗauka misali kwamin tana da masu biya 40,000: ko kowa ya biya, miliyan 28 ne, kuɗin da ba za su haƙa doguwar magudanar siminti ba. Kuma ba kowa ke biya ba. Shekarar da damina ta yi gardama lanho kan faɗi, samari sun tafi cin rani, rajistar masu biya ta tsufa, ɗan siyasa kuma ba ya son matsa wa wanda zai nemi ƙuri'arsa gobe.

Sai kuɗin kasuwa: tikitin rumfa, na tasha, na shaidar cinikin dabbobi, na mahauta. Nan ne kwamin ke bambanta da juna. Wadda ke da babbar kasuwa a bakin kwalta, irin Cadawa da ayarta, ta fi wadda ke cikin daji samun kuɗi a hannu kowane mako. Kasuwannin yankin kuwa da Najeriya suke numfashi. Rufe iyakar da Abuja ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin Yulin 2023, da faɗuwar naira, duk sun taɓa aljihun ƴan kasuwa, ta nan kuma suka taɓa asusun kwamin.

Na uku shi ne abin da ke saukowa daga sama. Akwai harajin da ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa, kamar patanti da harajin gidaje, ta mayar wa kwamin kasonta. Akwai hukumar ANFICT, wadda dokar Yulin 2008 ta kafa, mai raba tallafin gudanarwa da na daidaita tsakanin kwamin masu hali da marasa hali. Kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da man fetur da doka ta ba ƙananan hukumomi na jihohin da ake haƙo su ne, don haka bai shafi Maraɗi ba. Ragowar, wato mafi yawan rijiyoyi da ajujuwa da ɗakunan haihuwa da mutum zai gani da allo a gabansu, ayyukan masu tallafi ne, kwamin takan sa ɗan kasonta kawai.

Idan aka zo rabo, albashi da alawus na zaman majalisa da man mota da tarbar baƙi ke fara ci. Layin tsabta da magudana yakan kasance a rubuce, sai dai shi ake fara taɓawa idan kuɗi suka gaza, domin ramin da aka cike ba ya ɗaukar allo, ba a kuma yanka masa kyalle. Lokacin shigar kuɗin ma bai dace da aikin ba: lanho bayan girbi yake shigowa, daga Nuwamba zuwa gaba, cike ramuka kuwa a Mayu da Yuni ake buƙatarsa, lokacin da asusu ya riga ya bushe. Mai son sanin gaskiyar kasafin kwamin ɗinsa kada ya tsaya ga wanda aka zartar a farkon shekara, ya nemi lissafin ƙarshen shekara, inda ake nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe. Doka ta ba ɗan kwamin damar neman ganin waɗannan takardu, zaman majalisa kuma a buɗe yake ga jama'a.

Tun daga Afrilun 2024

Majalisun da aka zaɓa ranar 13 ga Disamban 2020 sun ci gaba da aiki na wasu watanni bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A farkon Afrilun 2024 shugaban majalisar CNSP, Janar Abdurahaman Tiani, ya rusa majalisun kwamin da na birane da na jihohi baki ɗaya, aka naɗa kantomomin riƙo, da yawansu sojoji, jandarmomi, ƴan sanda da sauran masu kaki, wasu kuma aka haɗa musu kwamin fiye da ɗaya. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka kuma tsayar da wa'adin mulkin riƙo na shekara 5.

Ga batutuwan nan uku, abin da ya canza shi ne wanda ke zaune a kujerar. Aikin da magajin gari da majalisarsa ke yi, na shirya kasafi da sa hannu a takardar fili da kafa dokar tsabta, ya koma ofishin kantoma, wanda shi ma naɗaɗɗe ne kamar perefen da ke duba shi. Masu goyon bayan tsarin suna cewa mai kaki ba ya neman ƙuri'a, don haka zai iya karɓar lanho ya kuma rushe ginin da ya toshe hanyar ruwa ba tare da jin nauyin kowa ba. Masu suka kuma suna cewa ƙauyen da a da yake da konseye a zauren, wanda zai tashi ya ce ba a sa rijiyarsu a kasafi ba, yanzu sai ta bakin mai gari ko sarkin kanto kukansa zai isa. Kwamitocin filaye na gari da na kwamin da na gunduma suna nan, CGCT da dokokin gini na 2017 da 2018 ba a soke su ba, rabon maganin CPS kuma yana farawa a watan Yuli kamar yadda aka saba.